Tashar Jirgin Ƙasa a Kan Tebur: Kundin Aikin Shekara Guda

4 ga Nuwamba, 2023

Alhamdu lillahi, yau kafinta ya kawo teburin. Filawud ne fale guda, tsawonsa ƙafa takwas, faɗinsa ƙafa huɗu, wato santimita 244 da 122, an ɗora shi a kan katako mai ƙafafu shida. Sai da muka cire ƙyauren ɗakin da ke jikin zaure kafin ya shiga. Na sa an shafe ƙafafun da baƙin mai saboda gara, don ta taɓa cinye mini kwalin littattafai a wannan ɗakin.

Abin da nake son ginawa a kai shi ne ƙaramar tashar jirgin ƙasa irin ta layin Kano zuwa Nguru, kamar yadda take a lokacin kaka wajen 1965: dogo, ofishin tasha, tankin ruwa, sikeli, dalar gyaɗa, da jirgin da zai yi tafiya da kansa. Malam Madori nake hange a raina, domin labarinta Kawu ya fi ba mu muna yara. Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya shiga reluwe yana mai goge kan jirgi, ya zama fayaman mai zuba kwal a wuta, daga baya ya zama direba. Yanzu ya doshi tamanin.

Na taɓa ganin bidiyon Miniatur Wunderland da ke Hamburg a Jamus, wurin da aka buɗe a 2001, inda ƙananan jirage ke ratsa duwatsu da birane a kan dogo mai tsawon kilomitoci. Na daɗe ina kallo. Amma da na rufe wayar, abin da ya tsaya mini a rai shi ne, 'ya'yana ba su taɓa ganin dalar gyaɗa ba sai a hoto, kuma waɗanda suka gan ta da ido suna ta ƙarewa.

19 ga Nuwamba

Mako biyu ban taɓa komai a teburin ba, lissafi kawai nake yi, kuma na gode Allah da na tsaya na yi shi kafin in sayi ko ƙusa.

Matsalar ita ce faɗin dogo. Galibin ƙananan jiragen da ake sayarwa a duniya suna tafiya ne a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. A awon da ake kira HO, komai an rage shi sau 87, kuma in ka ninka 16.5 sau 87 za ka sami milimita 1,435, faɗin dogon Turai da Amurka, irin wanda aka shimfiɗa daga Abuja zuwa Kaduna aka buɗe a 2016. To, tsohon layinmu ba haka yake ba. Tun wanda aka fara daga Legas a 1896, da na Baro zuwa Kano da aka soma a 1907 zamanin Gwamna Girouard ya iso Kano a 1911, har zuwa reshen Nguru da aka kammala a 1930, duk faɗinsu ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067. In na ɗauki kayan HO kai tsaye na dasa bishiyar kuka a gefe, jirgin Turai na yi a ƙasar Haɗeja. Wanda bai sani ba ba zai lura ba. Kawu zai lura, domin jirginmu jiki gare shi mai faɗi a kan siririn dogo, kamar ƙaton mutum a kan ƙaramar kujera, kuma wannan shi ne kamanninsa.

Hanya biyu na gani. Ta farko, in tsaya a awon 87 in nemi dogo mai milimita 12, wanda samunsa a nan sai an sha wuya. Ta biyu, in riƙe dogon 16.5 ɗin nan da ke ko'ina, amma in canza awon komai zuwa ɗaya bisa 64. Sha shida da rabi sau 64 ya ba da 1,056. Tsakaninsa da 1,067 milimita goma sha ɗaya ne kacal a jirgin gaske, a kan tebur kuwa ido ba zai gani ba. Masu wannan sha'awa a New Zealand da wasu sassan Ostareliya, waɗanda dogonsu irin namu ne, haka suke yi tun da daɗewa.

Na zaɓi ta biyu. Kuɗinta shi ne, ba tarago ko gini ko mutum-mutumi da zan saya in ajiye yadda yake. Ƙafafu da injin kawai zan samu a kasuwa, sauran duk sai na ƙera. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai zama milimita 26 da ɗoriya. Na yanka kara daidai wannan tsawon na ajiye a aljihu, da shi zan riƙa gwada komai.

Wani lissafi da na yi don nishaɗi: Kano zuwa Nguru kimanin kilomita 230 ne. A awona, sai na sami tebur mai tsawon kilomita uku da rabi.

10 ga Disamba

Kaya sun iso ta hannun wani abokina da ya dawo daga Ingila: dogo, masauyin layi guda uku, taragon kaya shida, da kan jirgi ɗaya, duk na hannu ne. Dogon irin wanda ba ya tsatsa ne, haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya. Na roƙe shi musamman kada ya sayo na baƙin ƙarfe, komai araharsa, saboda damina.

Na shimfiɗa zagaye mai siffar ƙwai, kwanarsa milimita 438 daga tsakiya, wadda ta zauna daidai cikin faɗin teburin. A gaba na fitar da layi na biyu inda jirage za su yi kiciɓis su wuce juna, da wani guntun layi da ya mutu a filin gyaɗa. Rabin baya zan ɓoye shi da allo mai zanen sama, don jirgi ya riƙa ɓacewa kamar ya nufi Kano, ya ɓullo kamar daga Nguru.

Wuta kuwa ban dogara da ta gari ba. Jirgin bolt 12 yake ci, ƙarfe ɗaya na dogon yana kai wutar, ɗayan yana dawo da ita, in ka juya wayoyin sai ya yi baya. Na ja waya daga batirin sola na gida. Wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya haɗa mini ɗan akwati mai abin murɗawa don ƙara gudu da ragewa, kuma shi ya ba ni shawarar in saka ƙwan fitilar mota mai wat 21 a kan wayar. In wani ƙarfe ya faɗo ya haɗe dogon biyu, ƙwan zai kama ya shanye wutar maimakon waya ta ƙone.

Bayan sallar isha'i na murɗa. Ya yi ƙara, ya ɗan girgiza, ya tafi. Autata ta bi shi da gudu ta zagaye teburin sau uku.

28 ga Disamba

Na je Fagge na ɗauko Kawu. Ya shiga ɗakin da sandarsa, ya zauna a kujerar da na sa masa, na kunna jirgi. Ya yi shiru har ya zagaya sau biyu.

"Ɗan nan, wa ya biyo shi?"

Na ce ban gane ba, Kawu. Ya ce jirgin kaya mai ɗauke da gyaɗa ba ya wannan gudun, ko da direban ya haukace. Na yi ta ragewa yana cewa ƙara ragewa, har sai da ya ɗaga hannu. Na duba agogo: zagaye ɗaya daƙiƙa talatin da 'yan kai. Da dare na yi lissafi. Zagayen mita biyar ne da kusan rabi, wato santimita 17 a daƙiƙa, wanda in ka ninka sau 64 ya kama kilomita 40 a awa. Ba agogo a hannunsa, ba alƙalami. Idonsa ne kawai ya riƙe gudun tun shekara hamsin. Na sa ɗigon jan fenti a jikin akwatin daidai wurin, kuma ba a wuce shi.

Sai ya ce in miƙo masa tarago. Ya juya shi a tafin hannu, ya taɓa 'yan faifan nan biyu da ke kowane ƙarshe, waɗanda taragon Ingila ke tokarar juna da su. Ya ce namu ba su da waɗannan. Abu ɗaya ne a tsakiya, shi ne maɗauri, shi ne matokari, ga kuma tiyon birki yana reto a gefensa. Duk shidan sai na yanke musu.

Na uku shi ne abin da dogo ke kwance a kai, wanda yake kira silifa. Nawa na roba ne mai zanen katako, ƙanana, a matse da juna. Ya ce a inda ya yi aiki galibi na ƙarfe ne, don gara ba ta barin katako, kuma rabinsu a binne suke cikin ƙasa, sai dai ka ga bayansu ya yi ja da tsatsa.

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba, domin na ɗauka zai yaba. Amma a mota muna komawa bai daina magana ba: Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, yana jero tashoshin yana faɗin inda ake shan ruwa da inda hawa yake wahalar da fayaman. Rabon da in ji ya yi doguwar hira haka tun rasuwar matarsa.

14 ga Janairu, 2024

Hunturu ya kama sosai. Kwana huɗu ban shiga ɗakin ba, da na kunna sai jirgin ya riƙa tafiya yana tsayawa, fitilarsa na ƙiftawa. Ƙura ce ta kwanta a kan dogon, siririya kamar hoda, ta raba ƙafa da wuta. Na goge da tsumma da sifirit ya dawo daidai. Ba a sa sanfefa, tana karce ƙarfen, datti ya sami wurin zama. Maiɗakina ta ɗinke tsofaffin zannuwan gado biyu ta yi wa teburin mayafi, na toshe tagar da leda.

Na ɗaga dogon gaba gaba ɗaya, na yanka robar da ke haɗe silifofin ta ƙasa, na cire ɗaya cikin kowane huɗu, na buɗa sauran. Dare biyar ya ci.

3 ga Fabrairu

Ƙasa. Masu sayar da kayan wannan aikin a Turai har garin ciyawa da tsakuwa suke sayarwa a leda, amma launinsu na ƙasarsu ne. Ni na ɗebo yashi daga bakin kogin Calawa, da jar ƙasa daga wani kududdufi, da farar ƙasa mai rairayi da wani ɗalibina ya kawo mini daga wajen Haɗeja. Ita ce ta fi yawa a filin tashar, domin ƙasar can ta fi ta Kano haske. Na soya kowacce a tsohon kasko don kashe ƙwari, na tankaɗe da rariya.

Yadda ake kafe ta: ka barbaɗa a bushe, ka daidaita da buroshi, ka fesa ruwa kaɗan, sannan ka ɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa maimakon ya tsaya a sama. Kwana ɗaya ya bushe ya yi tauri kamar daɓe, amma a ido kamar ka hura ya tashi.

Sai aka sami matsala. Kwana biyu bayan nan injin ya fara gurnani yana zafi. Na buɗe, na tarar da wani baƙin gari ya yi gashi-gashi a jikin maganaɗisun motar, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ƙafafun jirgin. Ashe yashin kogin akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinsa, wanda bai kafu ba motar ta zuƙe. Na kwashe da abin liƙe takarda, na wanke, na sa mai ɗigo ɗaya, Allah ya taimaka ba ta ƙone ba. Yanzu duk ƙasar da za ta hau teburin sai na ja maganaɗisun tsohuwar sifika a cikinta sau uku. Abin da yake fitowa ya ba ni mamaki.

25 ga Fabrairu

Na zo kan dala, wadda ita ce zuciyar aikin.

Turawa da suka ja dogo zuwa Kano auduga suka sa a gaba, don masaƙun Lankasha da ke Ingila. Manoma da fataken Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana cin ta in kasuwa ta faɗi, ga ta tana gyara gona. Tun kakar 1912, shekarar da aka buɗe layin ga jama'a, gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Asalin dala ke nan: kaya sun fi ƙarfin jirgi, dole a tara su a jira. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ake dangantawa da fara jera buhuna a wannan siffa. An yi su a Ƙofar Mazugal da Birged a Kano, da Bebeji, da Dawakin Kudu, da Malam Madori. Babbar dala tana cin buhu har 15,000. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, su suka taru suka share su.

Na zauna da takarda. In aka ce kowane hawa murabba'i ne, na ƙasa buhu 35 a kowane gefe, na samansa 34, haka har ɗaya a ƙoli, jimla 14,910. Ka ga dalar buhu dubu goma sha biyar ke nan, hawa talatin da biyar. Buhun algarara cike kusan mita guda ne, a awona milimita 15. Gindin dalar zai haura rabin mita, ya cinye kusan rabin faɗin teburin. Ba zai yiwu ba.

Na sauko zuwa hawa ashirin, gindi santimita 30. Cikin zan yi shi da kwali, buhunan waje kawai zan ƙera. Su ma 761 ne. Ina son dala biyu cikakku da ɗaya da ake kan ginawa.

Na gwada tsumma, ya yi kauri. Na gwada ƙwayar wake, ta yi sumul da yawa. Abin da ya yi shi ne yumɓu da aka kwaɓa da ɗan farin gam: a murza shi kamar igiya, a yanka milimita goma sha biyar-biyar, a danna kowane tsakanin yatsu biyu da ƙyallen bandeji don saƙar ta fito, a tsuke baki ɗaya da farce a fitar da kunnuwa biyu.

30 ga Maris

Azumi. Bayan tarawihi muna zama ni da yara uku a kan tabarma, faranti a tsakiya, kowa yana murza nasa. Muna yin hamsin zuwa sittin a dare. Na babbar 'yata sun fi nawa kyau, hannunta ya fi laushi. Mun haura dubu ɗaya.

21 ga Afrilu

Zafin bana ya yi mini ɓarna. Ɗakin rufin kwano ne, da rana ba ya shiguwa. Na buɗe mayafi na tarar dogon gaba ya karkace wuri biyu kamar maciji, ya ɓalle daga ƙasar da na sha wahalar kafewa. Laifin shimfiɗata ne: a cikin sanyin Disamba na haɗa ƙarafan baki da baki ba tazara. Ƙarfe mai tsawon yadi guda, in zafi ya ƙaru da digiri ashirin da biyar, yana miƙewa da kimanin sulusin milimita. Ƙanƙani ne, amma in ba shi da wurin zuwa sai ya tafi gefe.

Na gaya wa Kawu a waya. Ya ce ai ƙarar nan da kake ji jirgi na yi, ƙaƙas-ƙaƙas, ƙaƙas-ƙaƙas, tazarar ce da aka bari a kowace mahaɗa saboda rana. Na yanka kowace mahaɗa da siririn zarto, na bar kaurin katin waya, na haɗa tsakaninsu da 'yar waya da dalma don wuta ta wuce. Yanzu nawa ma yana wannan ƙarar, a hankali, in ɗakin ya yi tsit.

Na sa an yi wa ɗakin silin.

26 ga Mayu

Kan jirgi. Wanda nake so shi ne irin waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan Nijeriya, da aka fara kawowa daga Ingila a 1948: ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas masu ja, biyu a baya ƙarƙashin ɗakin direba. Manyan tsayinsu ƙafa huɗu ne, a awona milimita 19. Wanda abokina ya kawo samfurin wani jirgin Amurka ne mai jerin ƙafafu iri ɗaya, na auna nasa na sami milimita 18 da ɗan ɗori. Wannan sa'a ce babba, domin ƙafafu da sandunan da ke juya su su ne abin da ba zan iya ƙerawa a gida ba.

Na cire gangar jikin gaba ɗaya. Tukunyar tururi na yi ta da guntun bututun roba na masu aikin wayarin, ɗakin direba da gwangwanin madara da na buɗe na daddale, bututun hayaƙi da murfin biro. Na tsaya da ɗan karan nan nawa a ƙofar ɗakin direban don in tabbatar mutum zai shiga ba tare da ya sunkuya ba. Na zuba dalma a cikin tukunyar don nauyi, in ba haka ba ƙafafun sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Da Kawu ya gani ya ce fitilar gaba ta yi ƙanƙanta, tasu babba ce, tana haska dogo da nisa saboda shanu. Ya kuma ce na yi masa fenti kamar sabuwar mota. Kwal ɗin Inugu, in ji shi, toka gare shi, kafin ka kai Ringim kai da jirgin kun zama launi ɗaya, kuma inda ruwa ke ɗiga a jikin tukunya fari yake yi. Na daka gawayi da alli na shafa da busasshen buroshi yana nuna mini wuraren da yatsa. A taragon kwal na zuba gawayi na gaske da na farfasa.

14 ga Yuli

Wannan gyaran ba daga Kawu ya zo ba, daga Inna ne, mahaifiyata, wadda ban taɓa zaton abin ya dame ta ba.

Na yi bishiyoyi da wayar lantarki da na murɗe na shafe da yumɓu, ganyen kuma soson katifa ne da na gurza na rina. Kuka biyu, gawo uku, darbejiya a bakin ofishin tasha. Da yake damina ce, abin da nake gani a waje shi na kwaikwaya: kuka ta yi lif da ganye, gawo kuwa ƙarau ba komai.

Inna ta leƙo ta ce, "Kai kuwa wane wata ne a garin nan naka?" Na ce kaka ce, ga dala ana ginawa. Ta ce to ka juya su. Lokacin cinikin gyaɗa kuka ta zubar da ganye, sai 'ya'ya suna reto. Gawo kuma a lokacin yake kore shar, don shi da damina yake kaɗewa, da rani yake tofo. Na san wannan tun ina yaro, kowa ya sani, amma ban haɗa shi da teburin ba. Na tsige ganyen kukar na mayar wa gawon. Ciyawar ma da na yi kore na mayar da ita ruwan ƙasa da zaren buhu da na tsefe.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce tasha ba mutane ba tasha ba ce. Ina masu tallar dafaffen ƙwai da rake da fura da ke bin tagogi in jirgi ya tsaya? Ina jakunan da suka kawo gyaɗar daga ƙauye, da raƙuman da ke durƙushe a bayan sikeli? Ina 'yan baranda? Ta ba ni labarin tafiyarta ta farko a jirgi tana amarya, da yadda ta riƙe kwallarta a cinya har aka sauka. Na rubuta duk abin da ta lissafa. Mutum talatin da ɗaya ne da dabbobi tara.

8 ga Satumba

Danshi ya sa allon baya ya ɗan bankare, na ƙara masa katako biyu. Dala biyu sun tsaya, kuma sai da na rushe hawa huɗu na ta farko, domin na jera buhunan kai ɗaya, Kawu ya ce ana sarƙa su ne kamar tubali, bakin ɗinkin yana kallon ciki, in ba haka ba dala za ta zame. Ta ukun na bar ta a hawa na tara, da 'yan dako huɗu suna hawa da buhu a ka, da tamfol a naɗe a gefe.

Yau ya koya wa yara aikin sanda. Layi ɗaya ne tsakanin tasha da tasha, jirgi na zuwa jirgi na tafiya a kansa, to me ke hana su karo? Ya ce kowace tasha akwai na'ura mai riƙe da sandunan ƙarfe, an haɗa ta da ta tasha ta gaba da waya. Shugaban tasha ba zai iya zare sanda ba sai na can ya amince, kuma in an zare ɗaya, na'urorin biyu sun kulle har sai an mayar da ita a ɗaya ƙarshen. Direba kuwa ko sigina ta ba shi hanya, ba ya motsawa sai sandar tana hannunsa. Ya feƙe wani guntun itace ya ba su. Yanzu a ɗakin nan ba mai taɓa akwatin murɗawa sai mai riƙe da sanda, kuma sai ya karɓa daga hannun wanda aka naɗa shugaban tasha a ranar.

2 ga Nuwamba

Shekara guda saura kwana biyu. Kawu ya zo da wani tsohon abokin aikinsa da ya yi gadi a jirgin kaya, wanda ban taɓa gani ba. Sun zauna gefe da gefe, na rufe taga, na kunna fitilar jirgin. Ya fito daga bayan allo da tarago shida, ya rage gudu a wajen kuka, ya tsaya daidai tankin ruwa. Baƙon ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa teburin, yana kallo daga ƙasa, ya daɗe a haka.

Da ya ɗago sai ya ce, "Malam, ina nawa ɗakin?" Babu taragon gadi a ƙarshen jirgin. Ya karɓi biro ya zana mini shi a bayan kwalin sukari, da barandarsa, da inda birkin hannu yake, da inda ake rataye fitilar baya mai jan gilashi. Suka yi ta gardama da Kawu a kan ko taga biyu ce a gefe ko ɗaya, ba su daidaita ba, na ce zan yi biyu a gefe guda, ɗaya a ɗayan, har a sami hoto.

Abin da ya rage: taragon gadi, sigina biyu, rufin ofishin tasha, da mutum goma sha tara daga lissafin Inna. Raƙuma sun ƙi yin kyau da yumɓu, wuyan yana karyewa, zan gwada sa waya a ciki. Baƙon ya ce akwai wani da ya yi aikin sikeli a Malam Madori, yana nan da rai a Haɗeja, kuma ya san inda kowace dala ta tsaya. Mun sa ranar zuwa bayan an gama girbi, in Allah ya kai mu. Zan tafi da tef ɗin awo da littafin nan.